Tiyuna biyu, masu kallo biyar: yaya zan watsa tashoshi da yawa daga sabar gida a lokaci guda?

Baban Maryam ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka, kafin in sayi abin da ba zai warware mini matsala ba. Ina da tsohuwar kwamfutar tebur mai furosesar Intel Core i5 ta ƙarni na shida da ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 8, wadda na mayar da ita sabar gida, wato kwamfutar da take yi wa sauran na'urorin gidan hidima. Na ɗora mata tsarin aiki na Debian, na sa Tvheadend (manhajar da ke kamo tashoshi ta rarraba su) da Jellyfin (manhajar da ke kai bidiyo ga na'urorin kallo) a cikin Docker, wanda yake killace kowace manhaja a nata gurbin, sannan na jona mata na'urorin kamo tasha guda biyu na USB, wato tiyuna, masu karɓar DVB-T2, tsarin talabijin na dijital da ake kamawa da eriya. Eriya ɗaya ce a saman rufi, kuma na raba wayarta gida uku da ƙaramar maraba, biyu suka tafi tiyunonin, ɗaya ta tafi talabijin ɗin falo, domin ko saba ta tsaya a ci gaba da kallo.

Burina shi ne kowa a gidan ya kalli tashar da yake so ba tare da an yi jayayya a kan rimot ba. Akwai talabijin biyu a ɗakuna masu akwatin Android da manhajar kallo ta Kodi, akwai kwamfutar tafi-da-gidanka, ga kuma wayoyin hannu da ake buɗe Jellyfin a kansu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, wata rana tashoshi huɗu daban-daban za su buɗe a lokaci guda babu wata gardama, alhali tiyuna biyu ne kacal, washegari kuma mutum na uku ya taɓa tasha sai saba ta ce babu na'urar da ke zaune ba aiki. Na kasa gano ƙa'idar da take bi. Bayan wannan, da zarar an buɗe tasha a burauzar kwamfutar tafi-da-gidanka, sai fankar saba ta hau kuka, idan kuma aka ƙara wayar hannu ɗaya a kai, sai hoton kowa ya riƙa tsayawa yana ci gaba. Akwai kuma wasu tashoshi uku da hotonsu yake farfashewa ya zama murabba'ai na ɗan lokaci, musamman da daddare, a talabijin ɗin ɗakin da yake amfani da Wi-Fi.

Na yi tunanin in ƙara tiyuna uku domin kowane mai kallo ya samu nasa, in kuma sauya kwamfutar da mai ƙarfi. Shin wannan ce hanya, ko akwai abin da ban fahimta ba? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Mai Eriya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Baban Maryam. Ka dakata da sayen komai tukuna, domin lissafin da kake yi na tiyuna ɗaya ga mutum ɗaya ba shi ne lissafin da sabarka take yi ba, kuma idan ka fahimci nata lissafin, abin da ya ɗaure maka kai zai warware da kansa.

A zamanin analog kowace tasha tana da mitarta, wato zangon igiyar rediyon da ake watsa ta a kai, saboda haka wanda ya kamo mita ya kamo tasha guda. A watsa shirye-shirye na dijital ba haka abin yake ba. Ana ɗaure tashoshi da yawa a dami guda, a aika su tare a kan mita ɗaya, a cikin kwararar bayanai ta MPEG wadda aka yayyanka ƙananan ƙunshi-ƙunshi, kowanne bait 188. Kowane ƙunshi yana ɗauke da lambar shaida da ake kira PID, wadda take nuna ko na hoton wannan tasha ne, ko na sautin waccan, ko na rubutun fassara. Tiyuna bai san tasha ba sam, mita kawai ya sani. Idan aka ce ya kamo mita kaza, zai kwaso damin gaba ɗaya ya miƙa wa kwamfuta, kuma Tvheadend ce take zama ta tsince ƙunshin kowace tasha ta aika wa wanda ya nema. Damin DVB-T2 a faɗin mita na megahaz 8 yana iya ɗaukar kusan megabit 40 a daƙiƙa, kamar yadda ake amfani da shi a Birtaniya, kuma a cikin wannan ana iya cusa tashoshi masu yawa. A Amurka, inda ake amfani da ATSC, damin yana ɗaukar megabit 19.39 a faɗin megahaz 6, amma ƙa'idar duk ɗaya ce.

To ka ga amsar tambayarka ta farko. Ranar da tashoshi huɗu suka buɗe, duk huɗun suna cikin dami biyu ne, ko ma ɗaya. Ranar da aka hana mutum na uku, ya nemi tashar da take cikin dami na uku ne, alhali tiyunoni biyun suna riƙe da wasu mitoci. Mutum goma za su iya kallon tashoshi goma daga tiyuna ɗaya muddin dami ɗaya ne, amma mutum uku kacal za su iya cinye tiyuna uku idan kowannensu ya nufi dami daban.

Abin da za ka yi shi ne ka buɗe shafin Tvheadend a ƙofa ta 9981, wato lambar da ake ƙarawa bayan adireshin saba a burauza, ka shiga sashen da aka jera tashoshin da aka gano, inda kowace tasha take da sunan daminta a gefenta. Ka ɗauki takarda ka rubuta tashoshin da ake kallo a gidan da gaske, ba duk waɗanda eriya take kamowa ba, ka rubuta damin kowace a gabanta. Adadin dami daban-daban da suka fito a takardar shi ne iyakar tiyunonin da za ka taɓa buƙata, kuma sau da yawa mutum yakan tarar cewa abin da iyalinsa suke kallo bai wuce dami uku ba. Kada ka manta da naɗar shiri, domin shirin da aka sa saba ta naɗa yana riƙe tiyuna kamar yadda mai kallo yake riƙewa, kuma Tvheadend tana fifita naɗi a kan kallon kai tsaye bisa nauyin da aka ba kowanne. Na sha ganin wanda ya sa a riƙa naɗa masa labaran dare kullum, ya manta, sannan ya zo yana mamakin dalilin da ake korar 'ya'yansa daga tasha a daidai wannan lokaci. Ita ma tattara jadawalin shirye-shirye daga iska tana ɗaukar tiyuna, sai dai nauyinta kaɗan ne, tana sakinsa da zarar mai kallo ya nema.

Akwai wani tarko da ya kamata in ambata saboda masu karatu da suke da HDHomeRun na kamfanin SiliconDust. Na'urar kamo tasha ce mai kyau, tana zama a kan layin sadarwa na gida maimakon USB, kuma akwai mai tiyuna biyu da mai huɗu. Amma idan aka jona ta kai tsaye da Jellyfin ko takwararta Plex, kowace tasha daban da aka nema tana cin tiyuna guda ko da daminsu ɗaya ne, domin na'urar tana tace tasha ɗaya ne ta aiko. Wanda yake son cin moriyar dami sai ya sa Tvheadend a tsakani. Kai kam ka riga ka yi hakan, saboda haka ka tabbata Jellyfin tana ɗauko tashoshi daga jerin M3U na Tvheadend, wato fayil ɗin da ya jera tashoshi da adireshinsu, kuma ka duba wurin da ake ƙayyade yawan tashoshin da za a buɗe tare a saitin wannan jeri, kada ya kasance ka rubuta 2 a wurin saboda kana tunanin tiyuna biyu gare ka.

Maman Faruk ta rubuta:

Assalamu alaikum. Injiniya ya gama magana a kan tiyuna, ni kuma zan taɓa batun kukan fanka, domin wannan matsala ce daban, kuma ƙarin tiyuna ba zai rage ta ko kaɗan ba.

Malam, ka lura da wani abu a cikin bayaninka. Ba ka ce fanka tana kuka idan an buɗe Kodi ba, ka ce sai an buɗe burauza ko wayar hannu. Dalili shi ne Kodi tana magana da Tvheadend ta hanyar HTSP, tsarin sadarwa na ita Tvheadend ɗin, a ƙofa ta 9982, tana karɓar hoto yadda aka watso shi, akwatin Android ɗin ne yake warware shi da kansa. A nan aikin saba bai wuce miƙa bayanai ba, kuma ko ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi za ta iya yi wa mutane da dama wannan hidima. Burauza kuwa ba ta iya buɗe bidiyon MPEG-2 ba, wanda har yanzu wasu tashoshi suke amfani da shi, kuma yawancinsu ba sa karɓar sautin AC-3. Ko da tashar H.264 ce, sau da yawa hoton talabijin yana zuwa ne a saƙe, wato ana aiko layukan mara sannan a aiko layukan cika, kamar a 576i da 1080i, kuma dole a haɗe su kafin ya yi kyau a allon waya. Idan Jellyfin ta ga na'urar mai kallo ba za ta iya da abin da ya zo ba, sai ta kira FFmpeg, wanda yake yi mata aikin sauya tsarin bidiyo, ya warware hoton, ya haɗe layukan, ya sake matse shi a H.264, duk a daidai saurin da shirin yake tafiya, domin kai tsaye ne, babu damar a yi jinkiri a cimma daga baya. Idan furosesa ce kaɗai take wannan aiki, tasha ɗaya mai babban hoto ta isa ta sa ta zufa, biyu kuma su durƙusar da ita, daga nan ita kanta Tvheadend ta rasa lokacin yin nata aikin, shi ya sa kake ganin hoton kowa ya tsaya har da na masu Kodi.

Abin farin ciki shi ne maganin yana cikin kwamfutar da kake shirin jefarwa. Tun daga 2011 Intel take saka wani sashe na musamman a furosesocinta, mai suna Quick Sync, wanda ba shi da wani aiki sai warwarewa da matse bidiyo. Ta ƙarni na shida irin taka tana warware MPEG-2 da H.264 da HEVC mai bit 8, tana kuma matsewa a H.264. Abin da ba ta cika iyawa ba shi ne HEVC mai bit 10, wanda cikakken tallafinsa ya zo a ƙarni na bakwai, saboda haka ka duba ko akwai tasha irin wannan a cikin naka. Zatona shi ne wannan sashe yana zaune ba aiki a sabarka, domin Docker ba ya nuna wa manhajar da ke cikinsa kayan kwamfuta sai an ba shi izini. Yadda ka miƙa wa Tvheadend /dev/dvb domin ta ga tiyunoni, haka za ka miƙa wa Jellyfin /dev/dri, hanyar isa ga wannan sashe na bidiyo, inda fayil ɗin renderD128 yake, ka tabbata mai amfanin da take gudana da sunansa yana cikin rukunin da ke da ikon taɓa shi, sannan ka kunna Quick Sync ko VA-API a saitin Jellyfin, ka sa alama a kan MPEG-2 da H.264. Idan ka yi, ka buɗe tasha a burauza ka duba nauyin furosesa, bambancin ba zai ɓoyu ba.

Duk da haka, ra'ayina shi ne kada mutum ya dogara da sauya tsarin bidiyo a inda zai iya guje masa. Duk na'urar da za ta iya karɓar hoto yadda yake, a bar ta ta karɓa, domin ya fi kyau, ya fi saurin buɗewa, kuma ba ya ɗora wa saba kaya. A ajiye sauyawa ga wanda yake kallo daga wajen gida, inda ƙarfin turawa na layin intanet ɗin gidan yake ƙayyade komai, kuma shi ma ya shigo ta ɓoyayyar hanya irin WireGuard, kada a buɗe ƙofar 9981 ga duniya. Ga masu tunanin Raspberry Pi kuma, su sani cewa ta biyar ba ta da sashen matse H.264 da ta huɗu take da shi, don haka ta dace da miƙa hoto amma ba ta dace da sauya shi ba.

Game da murabba'an da kake gani, ni ina zargin Wi-Fi, tun da ka ce a wannan ɗaki abin yake faruwa, kuma da daddare ne lokacin da kowa yake kan layi. Ka ja waya zuwa talabijin ɗin ka gani.

Injiniya Mai Eriya ya rubuta:

Hajiya Maman Faruk, na yarda da duk abin da kika faɗa a kan sauya tsarin bidiyo, amma a kan murabba'ai ina da ja, da izininki. HTSP da HTTP duka a kan TCP suke tafiya, wanda yake sake aiko duk ƙunshin da ya ɓace a hanya. Saboda haka raunin Wi-Fi galibi yakan fito ne a matsayin tsayawar hoto da jiran ya cika, ba farfashewa ba. Farfashewa alama ce ta cewa bayanan sun iso saba a lalace tun daga eriya. Kuma Malam ya ce tashoshi uku ne suke yin haka, ba duka ba, ni kuwa ban san Wi-Fi mai zaɓar tasha ba. Ina kyautata zaton tashoshin nan uku daminsu ɗaya ne, kuma shi ne mafi rauni a cikin waɗanda eriyarsa take kamowa.

Ba sai mun yi gardama ba, domin akwai hanyar aunawa. Kowane ƙunshi yana da ɗan ƙidayau mai bit 4, yana ƙirga daga 0 zuwa 15 ya koma farko, kuma idan aka tsallake lamba Tvheadend tana rubuta shi a matsayin kuskuren ci gaba. Malam ya buɗe shafin da ke nuna halin da kowane tiyuna yake ciki a daidai lokacin da hoton yake farfashewa. Idan adadin kurakuran yana hawa, laifin yana tsakanin eriya da saba ne, ba tsakanin saba da mai kallo ba. Marabar da ya sa ita ce abar tuhuma ta farko, domin mai raba biyu tana rage kusan desibel 3.5 a kowace fita, mai raba uku ko huɗu tana rage tsakanin 5.5 da 7, kuma kowane desibel 3 rabin ƙarfin sigina ne. Dijital ba ya yin dishi-dishi a hankali kamar analog, yana nan garau har sai an kai bakin gaɓa, sannan ya faɗa gaba ɗaya. Idan za a sa busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, a sa shi kusa da eriya kafin doguwar waya da maraba, domin wanda aka sa a ƙarshe yana ƙara ƙarfin hayaniya ne tare da siginar, kuma kada a wuce gona da iri, tun da sigina mai yawan gaske ma tana toshe tiyuna. Ya duba wutar USB ɗin kuma, domin ƙofar USB 2.0 miliamfiya 500 kawai aka yi alkawarin za ta bayar, kuma tiyuna yana zafi yana jan wuta. Wanda zai ƙara na uku, gara ya jona su a marabar USB mai wutar kanta.

Ɗan Autan Zaure ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ku gafarce ni in shigo da tawa tambayar, tun da tana da alaƙa da wannan. Ni farantin tauraron ɗan'adam nake da shi ba eriya ba, kuma ina da katin DVB-S2 mai tiyuna biyu. Na raba wayar da ta sauko daga faranti gida biyu da maraba irin ta Baban Maryam, amma idan tiyuna na farko yana aiki, na biyu wasu tashoshi kawai yake gani, sauran su ɓace. Shin marabar ce ba ta da kyau?

Injiniya Mai Eriya ya rubuta:

Ɗan Auta, marabarka lafiyarta ƙalau, wurin ne ba nata ba. Wayar eriya tana ɗauke da dukkan mitoci a lokaci guda, shi ya sa ake iya raba ta. Wayar faranti kuwa kashi ɗaya cikin huɗu take ɗauka a kowane lokaci. Na'urar da ke bakin faranti, wato LNB ta gama-gari, tana karɓar mitoci daga gigahaz 10.7 zuwa 12.75, a tsaye da kuma a kwance, kuma duk wannan ba zai shiga waya ɗaya ba, domin abin da ake saukowa da shi ta waya yana tsakanin megahaz 950 da 2150 ne. Saboda haka tiyuna ne yake gaya mata kashin da yake so. Idan ya tura bolt 13 ta ba shi na tsaye, idan ya tura bolt 18 ta ba shi na kwance, idan kuma ya ɗora sautin kilohaz 22 ta koma sashen sama na mitocin. Idan tiyuna biyu suna kan waya ɗaya, umarni ɗaya ne zai yi tasiri, ɗayan kuma sai ya haƙura da abin da ya tarar. Ko dai ka sa LNB mai fita biyu ko huɗu ka ja wa kowane tiyuna wayarsa, ko ka koma tsarin Unicable, inda kowane tiyuna yake da nasa gurbin mita a waya guda, har takwas a ƙa'idar EN 50494, har 32 a EN 50607, idan katinka da manhajar da ke tafiyar da katin sun yarda da shi. Ka kuma sani cewa duk wannan magana a kan tashoshin da ake watsawa a buɗe muke yin ta. Waɗanda aka kulle suna buƙatar katin biyan kuɗi da na'urar buɗewa ta halal, kuma sharuɗɗan mai tashar ne suke faɗin abin da aka yarda a yi da su.

Baban Maryam ya rubuta:

Assalamu alaikum. Na ɗauki kwanaki ina gwada abin da kuka faɗa ɗaya bayan ɗaya, kuma ga abin da na samu, ko zai amfani wani.

Na yi lissafin takarda kamar yadda Injiniya ya ce. Eriyata tana kamo dami biyar, amma tashoshi tara da ake kallo a gidan suna cikin uku ne, shida a dami ɗaya, biyu a wani, ɗaya kuma ita kaɗai a na uku, kuma wannan ta ƙarshen ita ce ta yara. Duk ranar da aka samu matsala, ashe ita ce ake nema bayan an riga an kama sauran biyun. Na kuma tarar da wani naɗi na mako-mako da na saita tun ina gwaji na manta da shi, ya tara fayiloli da yawa a faifan ajiya. Da na lissafa sai na ga ba abin mamaki ba ne, domin tasha mai megabit 8 a daƙiƙa tana cin gigabait 3.6 a kowace awa. Na goge shi, kuma tiyuna ɗaya zan ƙara, ba uku ba.

Hajiya, maganarki ta tabbata. Ban miƙa wa Jellyfin /dev/dri ba ko kaɗan. Da na miƙa, sai ta ƙi buɗe kowace tasha a burauza, na duba rajistar FFmpeg na ga an hana shi izini, sai da na ƙara lambar rukunin render a saitin Docker sannan ya tashi. Yanzu na buɗe tasha a kwamfutar tafi-da-gidanka da wayoyi biyu a lokaci guda, na tsaya kusa da saba ina saurare, ban ji fankar ta ɗaga murya ba.

A kan murabba'ai kuwa, sai Hajiya ta yi haƙuri, Injiniya ne ya yi daidai a wannan karon. Na zauna da shafin Tvheadend a buɗe, na ga kurakuran ci gaba suna hawa a daidai lokacin da fuskar mai karanta labarai take wargajewa, kuma duk tashoshin ukun a dami ɗaya suke. Dalilin da ya sa na ɗora laifin a kan wancan ɗaki shi ne a can ne kawai ake kallon su da daddare. Na cire maraba na jona tiyuna ɗaya kai tsaye, kurakuran suka tsaya cak. Da na kwance mahaɗin da ke bakin marabar kuma, sai na tarar wasu siraran zaren garkuwar wayar sun lanƙwaso sun kusa taɓa jan ƙarfen tsakiya, na yanke na sake ɗaure shi da kyau. Amma na ja wayar sadarwa zuwa ɗakin duk da haka, kuma tasha tana saurin buɗewa fiye da da.

Saura abu ɗaya. Lokacin wasan ƙwallo, talabijin ɗin falo da ke kan eriya yana riga kowa, Kodi tana biye da shi da ɗan kaɗan, amma mai kallo a waya yana baya sosai, har yakan ji ihun cin ƙwallo daga falo alhali a hannunsa ba a ma kai ga bugawa ba. Shin akwai gyara?

Maman Faruk ta rubuta:

Na karɓi gyara, Injiniya, kuma na ƙaru da batun ƙidayau.

Malam, wannan jinkiri daga yadda Jellyfin take kai hoto ga burauza yake. Tana amfani da HLS, wanda yake yanka shirin guntu-guntu na daƙiƙoƙi kaɗan, kuma ba a aika guntu sai ya cika, sannan manhajar kallo takan tara kamar guda uku kafin ta fara nunawa, domin kada hoto ya tsaya. Idan ka haɗa wannan da lokacin da FFmpeg yake ɗauka yana nazarin abin da ya shigo kafin ya fara aiki, za ka ga inda daƙiƙoƙin suka tafi. Ana iya rage shi kaɗan ta gajarta guntayen, amma ba zai taɓa kamo eriya ba, kuma idan aka matsa da yawa sai tsayawar hoto ta dawo. Ga wayoyin da ke cikin gida, ka sa musu Kodi su shiga ta HTSP, ko ka buɗe jerin M3U na Tvheadend a VLC, wadda take warware MPEG-2 da AC-3 da kanta ba tare da ta nemi komai daga saba ba. Idan ka jona tiyuna na uku, ka tuna marabar za ta koma mai fita huɗu, saboda haka ka sake duba kurakuran wancan dami mai rauni da daddare kafin ka yanke shawara a kan busta.